Alhaji Umaru na Kete-Krachi, malamin Zango da ya fara da ilimin tsara wasiƙa

A Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon, ƴar gajeriyar tafiya a mota daga Nima da Mamobi, akwai tarin takardun Larabci da na ajami da aka tattaro daga zangunan ƙasar a shekarun 1960. Cikin sunayen da suka fi yawan fitowa a waɗannan takardu akwai na Alhaji Umaru ɗan Abubakar, limamin Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934. Jamusawa sun san shi da Imam Umaru, wasu masu bincike kuma suna rubuta sunansa Imam Imoru.

An fi tunawa da shi saboda waƙoƙinsa a kan zuwan Turawa. Sai dai littafinsa na farko da aka sani ba waƙa ba ne. Ɗan littafi ne a kan yadda ake rubuta wasiƙa: abin da ake farawa da shi, abin da ke biyo baya, da inda ake tsayawa. Ya rubuta shi a 1877, yana saurayi ɗan kimanin shekara 19. Wanda ya bi sauran ayyukansa zai ga cewa wannan ɗabi'a ta jera magana kafin a ɗora alƙalami ba ta rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Daga Kano zuwa Gwanja

An haifi Umaru a Kano wajen 1858. Mahaifinsa Abubakar Bakabe ne, malami kuma falke mai bin hanyar Gwanja. Shi ya sa ake samun laƙabi uku a jikin sunan Umaru a cikin littattafansa: Alkabawi saboda asalin gidansu a Kabi, Alkanawi saboda wurin haihuwarsa, da Assalgawi saboda zamansa a Salaga.

Ya yi karatun allo a Kano, sannan ya shiga karatun ilimi. Neman sani ya kai shi Kabi da Gwandu da Sakkwato, ya kuma ratsa ƙasashen Zabarma da Dandi da Bargu da Mosi da Gurunsi. Yawancin waɗannan wurare yau suna cikin Nijar da Binin da Burkina Faso da arewacin Ghana, amma a lokacin babu iyakar da ta raba su. Hanyar fatake ce ta haɗa su.

Fataucin Gwanja shi ne babban kasuwancin zamanin. Ayari yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Jega da ɗaruruwan mutane da jakuna, wani lokaci fiye da dubu, a ƙarƙashin madugu. Suna ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, su bi ta Bargu, su yada zango a garuruwa irin su Nikki da Zugu, wato Djougou ta Binin, da Sansanne Mango ta arewacin Togo, da Yandi, har su isa Salaga, inda ake sayen goron da ke fitowa daga dazukan Asante. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi fice a wannan sana'a. Tafiyar takan ci watanni. Daga wuraren da ayari ke sauka ne unguwannin baƙi suka samu sunan Zango, sunan da Nima da Mamobi da Sabon Zango suka gada.

Wasiƙar da ke tafiyar watanni

Hausawa na cewa zuwa da kai ya fi aike. Amma falken da ke Salaga, iyalinsa na Kano, abokin cinikinsa na Zugu, wanda yake bi bashi kuma na Yandi, ba shi da halin zuwa ko'ina da kansa. Dole ya aika da takarda. Takardar nan kuwa sai ta jira ayari mai tashi, ta yi watanni a hanya, amsarta ma ta sake yin wasu watannin. Idan mai rubutu ya manta adadin kuɗin da ake bin wani, ko sunan shaida, ko ya cusa buƙatarsa a tsakiyar gaisuwa har mai karatu ya kasa gane ta, to shekara guda ta tafi a banza.

Ga kuma tsadar takarda. Wadda malamai ke amfani da ita a ƙasar Hausa a ƙarni na 19 daga Turai take zuwa, galibi daga Italiya ta hanyar Tarabulus da hamada, kuma an san ta da tambarin jinjirin wata uku. Allo ana wanke shi a sake rubutu, takarda kuwa in tawada ta sauka ta zauna. Malamin da ba ya son asara sai ya gama shirya maganarsa tukuna.

Wannan buƙata ce littafin Umaru ya zo ya biya. Sunansa Assarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa, ma'ana itaciya mai yalwar ganye a kan ilimin rubuta wasiƙa. A cikinsa ya tattara ƙa'idoji da misalan wasiƙu domin mai koyo ya samu abin dubawa. Daga baya an buga shi a Alƙahira. Kalmar wasiƙa kanta daga Larabci Hausa ta aro ta, kuma a can tana ɗauke da ma'anar takardar da ake dogara da ita, irin wadda za a iya fito da ita a gaban alƙali.

Tsarin wasiƙar da malaman daular Sakkwato suka saba da shi sananne ne. Ana buɗewa da bisimilla da salati. Sai sunan mai aikawa da na wanda aka aika wa, kowa da laƙabin da ya dace da shi, domin yadda ake gaida sarki daban yake da yadda ake gaida malami ko mahaifi ko aboki. Sai gaisuwa. Daga nan sai kalmar amma ba'adu, wadda Hausawa suka mayar bayan haka ko bayan gaisuwa. Ita ce ƙofar da ke shaida wa mai karatu cewa an gama ladabi, an shigo kan abin da ya sa aka yi rubutun. Sai a faɗi buƙata, a rufe da sallama.

Amfanin wannan jeri ya fi bayyana idan aka tuna cewa yawancin masu karɓar wasiƙa ba su iya karatu ba. Wani malami ne zai karanta musu, sau da yawa ya fassara daga Larabci zuwa Hausa ko Dagbani ko Gwanja nan take. Tun da ya san inda kowane sashe yake, ba zai yi lalube ba. Shi ma mai rubutu, da zarar ya iso kan amma ba'adu, tilas ya tambayi kansa abin da yake so a yi masa. In bai san amsar ba, bai shirya yin wasiƙa ba tukuna.

Gadon malaman Sakkwato

Umaru bai ƙago wannan ɗabi'a ba. A makarantun da ya yi karatu, marubuci kan bayyana sunan littafinsa da dalilin rubuta shi tun a shafin farko, sau da yawa har da yawan babobi ko fasulan da ke ciki. Bayanu Wujubil Hijra, wanda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kammala a 1806, an kasa shi fasali 63, kowane fasali da mas'alarsa. Liya'ul Hukkam, wanda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta a Kano a kan sha'anin mulki, shi ma an gina shi kashi-kashi, kowane kashi da batunsa.

Malamin da ya sanar da ɗalibansa abin da littafi zai ƙunsa ya ɗaure kansa da alkawari. Ba zai iya yawo da su ba, ba kuma zai tsallake wata mas'ala ba tare da an lura ba. Akwai wata fa'ida kuma a zamanin da ake kwafar littafi da hannu a kan takardu warwara, waɗanda ba a ɗinke su ba: in wani shafi ya ɓace ko ya sauya wuri, jerin fasulan zai tona. Don haka ne ma masu kwafa ke rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan kowane shafi.

Yaƙin Salaga da ƙaura zuwa Kete

Umaru ya zauna a Salaga wajen 1892, lokacin da garin ya riga ya fara ja da baya. Tun bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, Salaga ta fita daga hannun Asante, cinikin goro kuma ya soma karkata zuwa wasu kasuwanni kamar Kintampo. A ƙarshen 1892 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe, masu mulkin yankin. Kabachewura Isifa ya yi nasara da taimakon mayaƙan Dagomba da Nanumba. Garin ya watse, fatake da malamai suka bazu zuwa wasu wurare. Umaru ya ba da labarin wannan masifa a wata waƙarsa ta Larabci mai suna Tanbihul Ikhwan fi Zikril Ahzan.

A Salaga ne ya haɗu da Bajamushen nan mai nazarin harsuna, Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa suka raɗa wa suna Malam Musa, kuma wanda ya tara rubuce-rubucen Hausa masu yawa. Wajen 1896 Umaru ya koma Kete, unguwar fatake Musulmi da ke maƙwabtaka da Krachi a bakin kogin Volta. Jamusawa sun riga sun kafa bariki a wurin, a matsayin wani yanki na Togo. An yi jayayya a kan limancin garin, kuma masu binciken tarihi sun kawo cewa jami'in Jamus na wurin, Graf Zech, ya raba gardamar ta hanyar gwada masu neman limancin da karatun Larabci. Umaru ne ya yi rinjaye. Ya riƙe limanci, ya buɗe makaranta, ɗalibai suka riƙa zuwa daga nesa.

Ƙasar Hausa kashi-kashi

Aikin da ya fi nuna yadda Umaru ke tsara tunaninsa shi ne wanda ya yi tare da Adam Mischlich, tsohon ɗan mishan na Basel da ya zama jami'in mulkin Jamus a Kete-Krachi. Mischlich ya koyi Hausa a wurinsa, ya kuma fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. Ya roƙi limamin ya rubuta masa abin da ya sani game da ƙasarsa ta haihuwa.

Umaru yana nesa da Kano da ɗaruruwan kilomita, kuma ya daɗe da barinta. Abin da yake da shi shi ne abin da ya gani da idonsa, da abin da ya ji daga malamai da fatake. Mutum mai irin wannan tarin sani yana iya zubo shi yadda ya zo masa, labari ya hau kan labari. Shi kuwa sai ya raba shi batu-batu, cikin Hausa da ajami. Tarihin ƙasashe ya ware shi, kowace ƙasa da nata: Kabi, Sakkwato, Kano, Katsina, Zamfara, Nufe da sauransu. Al'amuran rayuwa su ma ya bi su ɗaya bayan ɗaya: noma da kiwo, sana'o'in hannu irin su saƙa da rini da jima da ƙira, kasuwanci da fatauci, aure da haihuwa, bauta, sarauta da karatu.

Wannan rabe-rabe ne ya sa aikin ya amfani waɗanda suka zo baya. Mischlich ya wallafa wasu sassa tun a farkon ƙarni na 20, ya kuma fitar da littafi a kan al'adun yankin a 1942. Heinz Sölken ya yi aiki a kan tarihin Kabi. A 1973 Douglas Ferguson ya gabatar da digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles a kan bayanin da Imam Imoru ya yi na ƙasar Hausa a ƙarni na 19. A 2000 kuma masanin Hausa ɗan ƙasar Poland, Stanislaw Pilaszewicz, ya buga wani tarin rubutunsa na zube a Berlin. Kowannensu ya iya ɗaukar kashin da yake buƙata, domin marubucin ya riga ya ajiye kowane abu a mazauninsa. Yau mai son sanin yadda ake sana'a ko aure a Kano kafin 1903 da wuya ya tsallake Alhaji Umaru, domin bayani irin nasa daga bakin Bahaushen da ya rayu a lokacin ba shi da yawa.

Waƙa ma da tsarinta

Zama da Jamusawa bai hana shi faɗin abin da ya gani ba. Tsakanin 1899 da 1903 ya yi waƙoƙi a kan mamayar Turawa, biyu da Larabci, sai kuma Waƙar Nasara da Hausa. A cikinsu ya nuna yadda baƙin suka shigo da sunan ciniki da zaman lafiya kafin su juya su karɓe mulki, sannan ya bi garuruwa da ƙasashen da suka faɗa hannunsu yana ambatonsu da sunayensu. Mai sauraro a Kete ko Yandi, wanda labari ke iso masa gutsure-gutsure daga bakin matafiya, sai ya ga abin gaba ɗaya, ya gane cewa abin da ya sami garinsu ya sami kowa. Jera sunaye masu yawa haka a cikin baitoci masu awo da amsa-amo aiki ne na wanda ya tattara kayansa tukuna.

Waƙar Talauci da Wadata ita ma an gina ta a kan auna abu biyu: yadda jama'a ke wulaƙanta matalauci ko da yana da gaskiya, da yadda suke girmama mai dukiya ko da ba shi da ita. Tun daga sunanta mai sauraro ya san inda aka dosa. Umaru ya kuma mayar da waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, mawaƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, zuwa Hausa. Baturen Ingila R. S. Rattray, wanda shi ma ya ɗauki karatu a wurinsa, ya wallafa wani ɓangare na wannan fassara a 1934.

Hajji, rasuwa da ambaliya

A 1913 Umaru ya tafi aikin hajji, bai dawo ba sai wajen 1918. A Madina ya haɗu da Alfa Hashim, babban malamin Tijjaniyya daga zuriyar gidan Alhaji Umaru Futi. Kafin ya dawo, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawar da mulkin Jamus daga Togo, Kete-Krachi ta koma hannun Ingila. Ya tarar kuma da annobar murar da ta kashe miliyoyin mutane a duniya a 1918 da 1919, ya kuwa rubuta waƙa a kanta. Ya ci gaba da limanci da koyarwa har Allah ya yi masa rasuwa a 1934.

Shekara talatin bayan haka, garin da ya rayu a ciki ya ɓace. Madatsar ruwa ta Akosombo, wadda aka kammala a 1965, ta haifar da tafkin Volta. An tashi mutane kimanin 80,000 daga gidajensu, tsohon garin Kete-Krachi ya nutse, aka gina sabo a kan tudu.

Rubutunsa bai nutse ba, domin ɗalibansa da ɗaliban ɗalibansa sun riga sun kwafe shi sun bazu da shi zanguna. A daidai wannan lokaci ne Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon, a ƙarƙashin Thomas Hodgkin, ta fara neman irin waɗannan takardu. Ivor Wilks ya jagoranci aikin, Alhaji Usman Boyo kuma ya bi gari-gari yana aro littattafai daga hannun malamai, a ɗauki hotonsu a mayar wa masu su.

Abin da ya rage wa Nima da Mamobi

Zangunan Accra sun taso ne daga irin hanyar da Umaru ya bi. Malam Idrisu Naino, wanda ya zo daga Katsina, yana cikin jagororin farko na Hausawan birnin a ƙarni na 19. Ɗansa Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Nima kuwa ta fara cika a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya samu fili a wurin, Alhaji Umaru na da sauran ƴan shekaru a duniya. Mutanen da suka zauna a waɗannan unguwanni sun fito daga arewacin Ghana da Najeriya da Nijar da Togo da Binin da Mali da Burkina Faso, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su, kuma shekaru da dama wasiƙa ce igiyar da ta riƙe su da gida.

Yanzu saƙon murya a WhatsApp ya maye gurbin wasiƙar gida, yana isa Maraɗi ko Sokode cikin ƙiftawar ido. Amma rubutun da rayuwar Zango ta dogara da shi bai ragu ba. Akwai takardar koke zuwa majalisar Ayawaso ta Gabas ko ta Arewa a kan magudanar ruwa, da takardar neman tallafi daga Asusun Raya Zanguna da aka kafa da doka a 2017, da yarjejeniyar haya ko ta fili, da takardar rabon gado. Jami'in da takardu suka taru a gabansa yana neman abin da malamin Salaga ke nema in an miƙo masa wasiƙa: daga wa ta fito, wa aka nufa, me ake so, nawa ne, kuma yaushe. Takardar da ta ɓoye waɗannan a cikin dogon bayani takan koma ƙasan tari.

Akwai kuma tarihin unguwannin kansu, wanda mafi yawansa yana bakin dattawa ne, su kuwa suna ta raguwa. Matashin da ke son rubuta shi yana da misali a hannu: ya ware zuriyoyi da garuruwan da suka fito, ya ware masallatai da limamansu, sarakunan ƙabilu, makarantu, sana'o'i da kasuwanni, sannan ya je wurin dattijo da tambayoyinsa a jere. Ta haka zai gane gurbin da ya cike da wanda ya rage tun masu amsar suna raye. Haka limamin Kete ya yi wa Kano daga nesa, kuma takardunsa na nan a Legon ga duk ɗan Zangon da ke son dubawa.